Yadda RAV4 ta sha gaban Camry a Amurka, da rawar da fasali ya taka

Da shekarar 2017 ta ƙare, kamfanin Toyota ya fitar da lissafin cinikinsa na Amurka, sai ga wani abu da bai taɓa faruwa ba. Camry, wadda tun 2002 ba a samu motar salun da ta kai ta kasuwa a ƙasar ba, an sayar da ita kimanin 387,000. RAV4, ƙaramar jip ɗin da a da ake wa kallon motar yawon shaƙatawa, an sayar da ita sama da 407,000. Daga wannan shekara RAV4 ta zama motar da Toyota ya fi sayarwa a Amurka, Camry kuma ba ta sake karɓe matsayin ba.

Idan ana hirar wannan mota, mutane da yawa sukan ce sabon fasalin da aka yi mata, mai faɗin ƙirji da murtukakkiyar fuska, shi ya ɗaga ta. Amma wannan fasali sai a watan Maris na 2018 aka nuna wa duniya shi, kuma sai ƙarshen shekarar ya isa wajen dillalai. RAV4 ɗin da ta kayar da Camry tsohuwar ƙira ce, wadda ba wanda ya taɓa tsayawa a titi don ya ƙare mata kallo. Wannan ne ya sa lamarin ya cancanci a zauna a duba shi a tsanake: me ya sayar da motar, kuma wane aiki kyan fasali ya yi, tunda ba shi ya kawo nasarar farko ba?

Asalinta

Toyota ya fara nuna hoton tunaninsa a bajekolin motoci na Tokyo a 1989, sannan ya fito da motar kasuwa a Japan a watan Mayun 1994. 'Yar guntuwa ce mai ƙofa uku, tsawonta bai kai mita huɗu ba, da injin lita 2. Sabon abin da ta zo da shi yana ƙarƙashinta. A wancan zamani jip na nufin mota irin Land Cruiser ko Pajero: bodi a ɗora a kan shasi mai kama da tsani, nauyi, shan mai, da girgiza a kan kwalta. RAV4 kuwa an gina ta ne kamar yadda ake gina salun, bodi da ƙashi a haɗe, aka ari kayan ƙananan motocin kamfanin, aka ɗaga ta sama, aka liƙa mata safayar taya a ƙofar baya. Daga nesa jip ce, amma wanda ya riƙe sitiyari ya san ƙaramar mota yake tuƙawa. Honda ya biyo sawu da CR-V a 1995, Subaru ya kawo Forester a 1997. RAV4 ta shiga Amurka a 1996.

Zubi na biyu da na uku girma kawai suka ƙara. Na uku, wanda ya fito a ƙarshen 2005, har injin V6 mai lita 3.5 aka sa masa a Amurka, da zaɓin kujerun layi na uku. Duk da haka safayar nan tana nan a baya, ƙofar but kuma gefe take buɗewa kamar ta ɗaki.

Shekarun da cinikin ya ninka

A watan Nuwamban 2012, a Los Angeles, aka nuna zubi na huɗu, kuma a nan Toyota ya yi wa motar aski. An cire safayar daga ƙofar baya aka ɓoye ta a ƙarƙashin but. Ƙofar ta koma ɗagawa sama. An soke V6, an soke layi na uku. Duk abin da ke sa a gane RAV4 daga nesa ya tafi, ta koma kama da sauran 'yan uwanta. Masu sharhin motoci ba su yaba kyanta ba, tsofaffin masoyanta kuma sun yi ta ƙorafin rashin safayar.

Wannan zubi ne ya kusan ninka ciniki. A 2013 an sayar da kimanin 218,000 a Amurka. A 2018, shekararsa ta ƙarshe, adadin ya kai wajen 427,000.

Dalilan suna waje da ɗakin masu zane. Daga tsakiyar 2014 farashin ɗanyen mai ya faɗo daga sama da dala 100 kan ganga har ya yi ƙasa da dala 30 a farkon 2016, fetur ya yi araha, Amurkawa suka daina jin tsoron mota mai ɗan girma. Bambancin shan mai tsakanin salun da ƙaramar jip ma ya riga ya ragu sosai, tunda inji kusan ɗaya ne. Ga kuma abin da lissafi ba ya nunawa amma duk wanda ya taɓa ɗaukar tsoho a mota ya sani: kujerar ƙaramar jip tana daidai ƙugu. Ba sai ka durƙusa ka faɗa ciki ba, ba kuma sai ka yi hawa ba. Dattijo mai ciwon gwiwa yana juyawa ya zauna. Uwa mai ɗaure jariri a kujerar baya ba ta sunkuyawa har bayanta ya ƙage. Direba yana hango titi ta saman motar gabansa. Wanda ya saba da wannan, da wuya ya koma salun.

Toyota ya ƙara abu biyu a kan wannan iska da ke kaɗawa. A ƙarshen 2015 ya kawo RAV4 mai haɗa fetur da lantarki, wato haibirid, daga samfurin 2017 kuma ya sa na'urorin taka birki da kansu da gargaɗin kauce wa layi a kowace RAV4, har mafi araha. Sai sunan da kamfanin ya daɗe da yi na ƙarko da kuma darajar motar idan an zo sayar da ita a hannu. Sauran kamfanoni ma sun ga inda kasuwa ta dosa. Fiat Chrysler ya dakatar da Dodge Dart da Chrysler 200 a 2016. A watan Afrilun 2018 Ford ya sanar cewa zai daina sayar da kusan duk salun ɗinsa a Arewacin Amurka, General Motors kuma ya bi baya a watan Nuwamba da soke Cruze da Impala da wasu.

Matsalar da nasarar ta haifar

A 2017 ɗin da RAV4 ta hau sama, Nissan Rogue tana biye da ita da kimanin 403,000, CR-V kuma da wajen 378,000. Tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Kuma in ka jera su ukun a filin ajiye motoci, ka haɗa da Ford Escape da Chevrolet Equinox, ka rufe tambarinsu, ba kowa zai ware maka su ba: dukkansu masu zagayayyen jiki ne, da goshi mai gangara, da fitilu masu ja da baya. Farashi kusan ɗaya, girma kusan ɗaya, shan mai kusan ɗaya. A irin wannan kasuwa, wanda ya fi rage kuɗi shi ke ɗauke mai saye, kuma ragi shi ke cinye riba.

Akio Toyoda, wanda ya karɓi shugabancin kamfanin a 2009, ya sha nanata cewa ba ya son Toyota ya ci gaba da ƙera motocin da ba sa motsa zuciyar kowa. Aikin zubi na biyar aka damƙa shi a hannun babban injiniya Yoshikazu Saeki. A ƙarshen 2017 aka gwada ra'ayin jama'a a Los Angeles da wata motar gwaji mai suna FT-AC, sannan a watan Maris na 2018 aka yaye wa sabuwar RAV4 mayafi a bajekolin New York.

Ya kamata a tsaya a kalle ta da kyau, domin kowane layi na jikinta da niyya aka ja shi. Fuskar ta miƙe tsaye, bakin shan iskar ya faɗaɗa ta ƙasa kamar mai ɗaure fuska, an aro shi daga Tacoma, akori-kurar kamfanin, da kuma 4Runner. Kwarmin tayoyin ba zagaye ba ne, kusurwa-kusurwa ne, an kewaye shi da baƙar roba mai kauri, kuma an bar sarari tsakanin taya da bodi don ido ya ga tsayi. Masu zanen sun ce sun gina siffar a kan zane biyu masu kusurwa takwas da aka sarƙa da juna, shi ya sa ko'ina ka duba gefe-gefe ne kamar an sassaƙa da gizago. An sauko da madubin gefe daga kusurwar gilashi zuwa jikin ƙofa, aka rage tsayin ƙarfen ƙofar, don direba ya ƙara ganin gefensa. Wasu samfuran an yi musu rufi mai launi daban da na jiki. Tsayinta daga ƙasa ya kai kimanin santimita 21.

A ƙarƙashin wannan duka, shimfiɗar da aka gina ta a kai, wadda kamfanin ke kira TNGA-K, ita ce dai ta Camry da Avalon. Injin lita 2.5 ɗin ma na Camry ne. A ganina nan ne hikimar take, kuma ban ɗauke ta yaudara ba. Toyota ya fahimci cewa mai sayen ƙaramar jip yana son abu biyu da ba sa zama a mota ɗaya cikin sauƙi: yana son idon mutane ya ga ƙarfi, yana son jikinsa ya ji laushi. Sai ya ba ido nasa, ya ba jiki nasa.

Abin da ya biyo baya

A 2019 an sayar da kimanin 448,000 a Amurka. Motar ta koma kasuwar Japan bayan 'yan shekaru ba ta nan, ta kuma lashe kambun motar shekara ta ƙasar na 2019 zuwa 2020. A farkon 2020 jimillar RAV4 da aka sayar a duniya tun 1994 ta haura miliyan 10.

In aka auna da kyau, ƙarin da aka samu daga 427,000 zuwa 448,000 bai wuce kashi 5 cikin ɗari ba. Wanda yake neman hujjar cewa kyau ne ke sayar da mota ba zai same ta a wannan adadi ba. Hujjar tana gaba. A al'ada mota takan yi tashe a shekara biyu ko uku na farkon sabon zubi, daga nan ta fara sanyi, dillalai su fara ragi. RAV4 ta sha annobar korona, ta sha ƙarancin ƙananan na'urorin lantarki da ya tsayar da masana'antu a 2021 da 2022, sannan a 2024, tana shekara ta shida da fasali ɗaya, ta sayar da kimanin 475,000, adadin da ba ta taɓa kaiwa ba. Fasalin bai tsufa ba, domin sauran kamfanoni sun yi ta matsowa inda take. Honda ya miƙar da fuskar CR-V ya tsawaita bonet ɗinta a zubin 2022. Nissan ya yi wa Rogue kafaɗu a 2020. Subaru ya ƙirƙiro samfurin Wilderness, Honda ya fito da TrailSport, Mazda ya ƙera CX-50 mai faɗi da baƙar roba don ta zauna kusa da CX-5. Aikin da fasalin ya yi wa RAV4 shi ne ya raba ta da taro, ya riƙe mata masu saye a lokacin da kowa ke kawo kaya iri ɗaya, ya kuma ba Toyota damar sayar da samfura masu tsada irin su Adventure da TRD Off-Road.

Motar ba ta rasa aibu ba. Masu gwaji sun koka da ƙarar injin idan an taka shi, da yadda giyarta mai hawa takwas ke inda-inda a ƙaramin gudu a samfuran farko. Masu haibirid na 2019 da 2020 sun yi ƙorafin tankin mai ba ya cika, har maganar ta kai kotu. Wata mujallar motoci ta Suwidin ta kayar da ita a gwajin kauce wa dabba a kan hanya a 2019, Toyota ya gyara manhajar da ke daidaita motar. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ya taɓa cinikinta a zahiri, kuma wannan ya nuna nauyin amanar da sunan kamfanin ya tara.

Gwajin da Ford ya yi

In ana son a ga tasirin fasali shi kaɗai, ba a gauraya shi da sunan kamfani ba, wajen Ford za a leƙa. Escape ta yi shekaru tana sayar da sama da 300,000 a Amurka, har zuwa 2017. A samfurin 2020 Ford ya bi hanyar da ta saɓa wa ta Toyota: ya sassauta jikinta, ya kwantar da goshinta, ta koma kama da salun ɗin da aka ɗaga. Sai kuma a ƙarshen 2020 ya ɗauki shimfiɗar Escape ɗin nan da injinanta, ya ɗora musu bodi mai kusurwa huɗu da zagayayyun fitilu, ya kira ta Bronco Sport. Shadda ɗaya ce aka kai wa tela biyu.

Zuwa 2023 Escape ta sauko wajen 140,000, Bronco Sport kuma, wadda ta fi ta gajarta, ta fi ta ƙarancin wurin miƙe ƙafa a baya, tana sayar da sama da 120,000. Gaskiya ne ƙarancin kayan haɗi ya rikita lissafin waɗannan shekaru, kuma Ford da kansa ya zaɓi inda zai karkata kayan da ya samu. Duk da haka, dubban mutane sun shiga shago ɗaya, sun ga motoci biyu masu ciki ɗaya, suka ɗauki wadda ta fi matsi saboda ta fi kama da motar daji. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Kada a ɗauka cewa kusurwa ita ce maganin kowace kasuwa. Tesla Model Y sumul take, ba ta da kusurwa ko ɗaya, kuma ita ce motar da aka fi sayarwa a duniya a 2023, RAV4 na biye da ita, kowacce sama da miliyan ɗaya. Hyundai ya bi tasa hanyar da Tucson ta 2020, ƙarƙashin jagorancin mai zane SangYup Lee: fitilun rana a ɓoye cikin ragar gaba, sai an kunna su suke bayyana, jiki kuma duk lanƙwasa da tsagi. Cinikinta a Amurka ya tashi daga wajen 123,000 a 2020 zuwa sama da 200,000 a 2023, sai dai a lokaci guda motar ta ƙara tsawo, ta samu haibirid, an kuma fara haɗa ta a jihar Alabama. Jeep Cherokee ta 2014, mai siraran fitilu a sama da manya a ƙasa, ta sha zagi kamar me, amma ta sayar da sama da 200,000 a 2015. Abin da waɗannan motoci suka haɗu a kai shi ne ana gane su daga nesa. Wadda ta sha wuya ita ce wadda ta narke cikin taro, ba ta kuma da suna irin na Toyota ko Honda da zai tallafe ta.

Akwai farashin da ba mai motar ke biya ba, kuma ya dame ni yadda ba a cika kawo shi cikin hirar kyan mota ba. A 2023 cibiyar IIHS ta Amurka, wadda kamfanonin inshora ke ɗaukar nauyinta, ta binciki haɗurran da aka buge masu tafiya a ƙasa. Ta gano cewa motocin da bonet ɗinsu ya haura inci 40 sun fi ƙananan motoci masu gangaren goshi yiwuwar kashe wanda suka buge da kusan kashi 45 cikin ɗari. Ko a masu matsakaicin tsayi, tsakanin inci 30 da 40, waɗanda fuskarsu ta miƙe tsaye sun fi haɗari da kusan kashi 26. Dalilin a fili yake: goshi mai gangara ƙafa yake duka ya ɗora mutum a kan bonet, miƙaƙƙen goshi kuwa ƙirji da ƙugu yake samu ya tura mutum ƙasa. Salon da ake yayi yanzu na ɗaga fuska da miƙar da ita can ya nufa. A garuruwan da yara 'yan makaranta da masu talla da 'yan acaɓa ke raba titi da motoci, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Inda lamarin ya shafe mu

Yawancin RAV4 da CR-V da ke yawo a Kano da Kaduna da Maraɗi ba sababbi aka sayo su ba. Na hannu ne daga Amurka da Kanada da Turai, da suka sauka a tashar Legas ko ta Kwatano. Abin da Ba'amurke ya zaɓa yau, shi zai cika filayen dillalanmu nan da shekara takwas ko goma. Kuma mu muna da dalilin son mota mai tsayi da ya fi nasu ƙarfi: ramukan hanya, ruwan damina da ke kwanciya a unguwanni, da tudun rage gudu da ke kankare cikin salun.

Sai dai fasalin nan yana iya rufe ido. Dillali zai dafa bonet ya ce, "Alhaji, wannan ai ba ta san gargada ba, ko ƙauye za ka shiga da ita cikin taɓo." Alhali RAV4 da yawa da aka sayar a Amurka tayoyin gaba kaɗai ke ja, kuma daga waje ba su da bambanci da masu ja da huɗu. Mai saye ya sa bakanike ya leƙa ƙarƙashinta. A mai amfani da fetur zalla, in tana ja da huɗu za a ga farfela ta miƙe daga gaba zuwa aksul ɗin baya. In babu, to Camry ce mai dogayen ƙafafu, za ta haye ramuka lafiya lau amma yashi zai riƙe ta. A haibirid kuwa ba za a ga farfela ba ko da tana ja da huɗu, domin wani injin lantarki ne daban ke juya tayoyin baya. A duba tsatsa kuma, musamman a waɗanda suka fito daga Kanada da arewacin Amurka inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, don baƙar robar nan da ke ƙawata gefen motar tana iya ɓoye ruɓaɓɓen ƙarfe.

A watan Mayun 2025 Toyota ya nuna zubi na shida. Ya ƙara miƙar da jikinta, ya raba ta gida uku, ta cikin gari, ta daji da ta gudu, ya kuma sanar cewa a Amurka ba za a ƙara sayar da mai fetur zalla ba, sai haibirid da wadda ake yi wa caji. Camry ma tun samfurin 2025 haibirid ce kaɗai a can. Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a watan Mayun 2023, mota mai ƙarancin shan fetur ta ƙara daraja a idon kowa, amma batirin haibirid ba ya son zafi da ƙura, kuma wutar da ke cikinsa ta kai ta kashe wanda ya taɓa ba da sani ba. Masu kayan gyara a Ƙofar Ruwa da Panteka, da kanikawan da suka ƙware a kan tsofaffin injinan Toyota, suna da 'yan shekaru kaɗan su koyi wannan aiki kafin waɗannan motoci su fara sauka da yawa.